Sharar akwatin imel na wurin aiki

Sharar akwatin imel na aiki shi ne ma'aikaci ya riƙa bin saƙonnin da suka taru masa yana tantancewa, wanda ya zama hujjar aiki ya kai shi dosiye, wanda amfaninsa ya ƙare ya goge. Reshe ne na kula da takardun ma'aikata, wato dai aikin nan da sakatarori da masu arshib, wato ma'ajiyar tsofaffin takardu, suka daɗe suna yi da rajista da kabad, sai dai yanzu wasiƙu da yawa ba sa biyowa ta teburin sakatare balle a buga musu lamba, kai tsaye suke faɗowa cikin wayar mutum ko kwamfutarsa kuma shi kaɗai ya san suna nan.

Imel tsakanin kwamfuta da kwamfuta ya faro ne a 1971 a Amurka ta hannun Ray Tomlinson. Shekaru da dama akwatin ƙarami ne, dole mutum ya yi shara ko ya so ko bai so ba. Da Gmail ya fito a 2004 da wurin ajiya na giga 1 sai mutane suka saki jiki suka daina gogewa. Yau kyautar Google giga 15 ce amma raba ta ake tsakanin Gmail da Drive da hotuna, kuma ranar da ta cika sabon saƙo ba ya shigowa, komawa yake wurin wanda ya aiko, to ka ga idan kiran kwangila ne ko amsar mai ba da tallafi shi ke nan an yi asara kai ba ka ma sani ba.

Abin da ake gogewa ba shi da wuyar ganewa. Tallace-tallace, gaisuwar Juma'a da barka da salla, sanarwar taron da aka riga aka yi aka watse, saƙon "na gani na gode", kwafin da aka sa ka ciki don ka sani kawai alhali asalinsa na wurin wanda ya rubuta, da rapor guda da ya yi ta yawo ana gyara ana sake turowa bayan na ƙarshe mai sa hannu ya fito. Duk wannan ƙaiƙayi ne, kuma illarsa ba cin wuri kaɗai ba, binne tsabar yake yi, ranar da masu bincike suka zo suka ce ina amincewar da shef ya ba da kafin a fitar da kuɗin nan sai ka ga mutum yana ta murza waya gumi na zuba.

Inda ake bukatar hankali shi ne abin da ba a taɓawa. Duk saƙon da ke nuna an yanke shawara, an ba da umurni, an amince da kashe kuɗi, an ƙulla yarjejeniya, an ɗauki ma'aikaci ko an sallame shi, wannan takardar ma'aikata ce, ba ta wanda aka aiko wa ba ce, ba shi da ikon goge ta don ransa ya so. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke daidaita dokokin kasuwanci, kuma dokar lissafin kuɗi ta ƙungiyar ta ce littattafan lissafi da takardun shaidarsu a ajiye su shekara 10, saboda haka faktir da ta zo ta imel hukuncinta ɗaya da wadda aka kawo a ambulan. Haka idan akwai shari'a ko bincike a kan wata magana, to duk saƙon da ya shafe ta a dakata da shi ko da wa'adinsa ya cika, goge shi a wannan lokaci ɓatar da shaida ne.

Masana arshib na tsarin Faransa, wanda shi ma'aikatunmu suka gada, suna raba rayuwar takarda gida uku, wadda ake aiki da ita kullum, wadda aka gama da ita amma ana riƙewa saboda doka ko bincike, sai ƴar kaɗan da ake ajiyewa har abada saboda tarihi. Ma'aunin duniya na wannan fanni shi ne ISO 15489 da ya fito a 2001 aka sabunta a 2016. Hukumar adana takardun Amurka kuma da ta ga ba zai yiwu a bi saƙo ɗaya-ɗaya ba sai ta fito da tsarin Capstone a 2013, imel ɗin manyan shugabanni a ajiye dindindin, na sauran ma'aikata a riƙe wasu shekaru a goge.

A Damagaram babbar matsalar ma ba yawan saƙo ba ce, adireshin ne. A biro da yawa da ƙungiyoyi da proje-proje aikin hukuma da adireshin mutum na kansa ake yi, Gmail ko Yahoo, to ranar da aka yi masa canjin wurin aiki daga Zinder zuwa Gure ko Tanut ko Magariya, ko proje ya ƙare, ko rai ya yi halinsa, duk tarihin aikin ya tafi da shi, magajinsa ya zo ya tarar da tebur wayam. Ga shi kuma daga Disamba 2023 Google na iya rufe asusun mutum da ya shekara 2 ba a shiga ba. Shi ya sa a gaskiya matakin farko na shara ba gogewa ba ne, kwashewa ne, a sauke saƙon da abin da aka liƙa masa, a mai da shi PDF yadda sunan mai aikowa da kwanan wata za su fito, a sa a dosiyen sarwis inda wani ma zai iya samu, in muhimmi ne sosai a buga a takarda a ba shi lamba tunda wuta da rezo ba su da tabbas.

Akwai kuma amanar mutane, wannan ita ta fi damun mai lura. Jerin sunayen masu karɓar tallafi da lambobin wayarsu, hoton katin shaida, sakamakon asibiti, suna zaune shekara da shekaru a akwatin wani da wayarsa ko makulli babu. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, akwai kuma hukumar HAPDP mai sa ido, kuma ƙa'idar irin wannan doka ita ce ba a riƙe bayanin mutum fiye da bukatar da ta sa aka karɓa.

Wajen aikin kansa, a Gmail idan aka rubuta larger:10M a wurin nema zai fito da saƙonni masu nauyi, older_than:2y kuma waɗanda suka haura shekara 2, daga nan aka fi farawa don su suka fi cin wuri. A lura maɓallin arshib ba ya rage komai, ɗauke saƙon kawai yake daga gabanka yana nan yana cin giga. Wanda aka goge kuma kwandon shara yake zuwa ya yi kwana 30 kafin ya ɓace, cikin waɗannan kwanaki ana iya dawo da shi in an yi kuskure, amma wurin ba ya samuwa sai kwandon ya zama fanko.