Allurar rigakafin kare: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Karena ba ya fita ko'ina, kullum yana gida, sai na yi masa allura?

Amsa: Eh mana, sai ka yi. Misali cutar farbo, wadda ke kama hanjin kare, ba sai ya haɗu da wani kare ba take kama shi, ƙwayar cutar a kashin kare mara lafiya take fita, ta zauna a ƙasa wata da watanni ba ta mutu ba, kai da kanka za ka iya kwaso ta a takalmi har gindin kwanon abincinsa. Ɗan kwikwiyon da ta kama zai daina cin abinci, ya yi ta amai da zawo mai jini mai wani irin ƙarni, kafin ka ankara ruwan jikinsa ya ƙare ya kwanta.

Tambaya: Waɗanne allurai ne dole?

Amsa: Cututtuka huɗu ne ba a wasa da su: haukan kare, farbo, distemfa mai kawo majina da kwantsa a ido har da farfaɗiya, sai ciwon hanta na karnuka. Ukun ƙarshe yawanci a allura ɗaya ake haɗa su, za ka ga an rubuta DHPP a kati. Ta lefto (cutar da ake ɗauka daga fitsarin dabbobi irin su ɓera) da ta tarin karnuka kuwa likitan dabbobi ne zai duba yanayin da karen yake ciki ya faɗa maka.

Tambaya: Yaushe ake farawa, kuma me ya sa ake ta maimaitawa?

Amsa: Nan ne fa masu kiwo da yawa suke yin sake, abin yana damuna gaskiya. Ana farawa kwikwiyo yana da sati 6 zuwa 8, a sake bayan kowane sati 2 zuwa 4 har ya kai sati 16. Dalili kuwa, dakashin da ya sha a wurin uwarsa yana ba shi kariya, amma wannan kariyar ita ce kuma take hana allurar yin aiki, kuma lokacin da take gushewa ya bambanta daga kwikwiyo zuwa kwikwiyo, wani da wuri wani sai ya kusa wata 4. Shi ya sa wanda ya yi ta farko ya ce ai an gama, to bai gama komai ba, ta ƙarshen nan ita ce magana. Kafin a kammala kar ka riƙa sakinsa inda karnukan da ba ka sani ba suke yawo. Daga baya akwai ta ƙari tsakanin wata 6 da shekara 1, sannan ta DHPP galibi duk shekara 3.

Tambaya: Ta haukan kare fa?

Amsa: Yawanci daga wata 3 ake yi, maimaitawa kuma duk shekara ko duk shekara 3, ya danganta da irin allurar da dokar ƙasar da kake. Wannan kam ba don kare kaɗai ba ce, don yaranka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan duk ta hanyar kare ne, kuma da zarar alamu sun bayyana da wuya mutum ya tashi. Idan kare ya ciji wani a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take, kar a tsaya jira.

Tambaya: An yi masa allura ya koma yana ta kwanciya, lafiya kuwa?

Amsa: Ɗan kasala ko ƙaramin kumburi a wurin allurar na kwana 1 ko 2 ba komai ba ne. Amma in fuska ta kumbura, ko yana amai, ko numfashi yana masa wuya, maza ka mayar da shi wurin likita.

Tambaya: Zan iya saya in yi masa da kaina?

Amsa: Ni dai ban ba ka shawara ba. Maganin sai a firiji yake zama, zafi na lalata shi ba tare da ka gane ba, kuma likita zai duba ko karen na da zazzaɓi ko tsutsar ciki kafin ya yi, sannan ya sa hannu a katinsa.