Koyon sana'a da fasahar zamani a Sakkwato

Koyon sana'a a Sakkwato ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. A tsarin gargajiya yaro kan tashi a gaban mahaifinsa ko ubangidansa, ya fara da aike da zuga wuta kafin a yarda ya ɗauki guduma. Sunan unguwar Maƙerar Asada kaɗai ya isa shaida. Haka majema da dukawa suke, waɗanda fatar jar akuyar Sakkwato ta kai sunansu har ƙasashen ƙetare. Babu takardar shaida a wannan tsari: aikin hannun yaro ake dubawa kafin a yaye shi.

Gwamnati ta shigo da nata tsarin daga baya. An kafa hukumar NBTE a 1977, mai hedikwata a Kaduna, don kula da kwalejojin fasaha, sannan NABTEB a 1992 don shirya jarrabawar sana'o'i. A birnin akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da makarantun fasaha na Farfaru da Runjin Sambo.

Abin da ya faru da tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a), wanda aka fara a 1982, ya cancanci a tsaya a kansa. Manufar ita ce ɗan ƙaramar sakandare ya taɓa kafinta da ƙira da wayarin kafin ya zaɓi hanya. An sayo injuna daga waje, amma a makarantu da dama na ƙasar suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da ƙarancin malaman da suka san kan injunan. Yara suka haddace sunan zarto a allo ba su taɓa riƙe shi ba, kuma wannan asara ce babba.

Kwamfuta kuwa da ƙarfin jarrabawa ta shigo. Tun 2015 JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, abin da ya tilasta wa ɗaliban karkara zuwa shagunan intanet su koyi riƙe linzamin kwamfuta kafin ranar. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasahar zamani.

Sai dai mafi yawan koyon yana gudana ne a wajen aji. Mai gyaran waya kan kalli bidiyo a YouTube, wani lokaci da Hausa, ya gwada a kan matacciyar waya kafin ya taɓa ta mai kawo gyara. Haɗa sola ma ya karɓu, don rana ba ta yi wa Sakkwato rowa ba, wutar lantarki kuwa ba ta da tabbas. A waɗannan shaguna har yanzu akwai oga da yaransa, kuma sabon yaro da shara da aike yake farawa.