Ku Cire Kwaɗon Nan Daga Ƙofar Baba

Jama'ar Gombe, don girman Allah ku daina garƙame tsofaffinku a ɗaki. Aikina na ma'aikaciyar lafiya yana shigar da ni gidaje, zagayen rigakafi ko bibiyar masu hawan jini, kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba sai in hango wani ɗaki can ƙurya da kwaɗo a jiki, ana buga ƙofa daga ciki. In na tambaya, amsar ba ta canzawa: "Ai Baba ne, gigin tsufa ya kama shi, in an bari fita yake."

To fita yake, sai aka ce a ɗaure shi? Mutumin da ya gina gidan?

Wannan abu ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma alhakin wani ke bin sa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane sama da miliyan 55 ke fama da shi, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da ake kira Alzheimer ne, wasu kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawo musu. Ko a Suratun Nahli, aya ta 70, an ambaci wanda ake mayar da shi mafi ƙasƙancin shekaru har ya rasa sanin abin da ya sani a da.

Na san kun gaji, wallahi na sani. Yawanci mace ɗaya ake bar wa ɗawainiyar, suruka ko 'yar da aurenta ya mutu, ga yara ga girki, ga Inna ta tambaye ta sau goma ko an yi azahar, ta kuma ce an sace mata ɗankwali alhali yana kanta. Amma kulle ba ya rage komai, ƙara rikita su yake. Tsoho a ɗaki mai duhu, cikin zafin Maris da Afrilu, ba ya tuna ya sha ruwa. Ya lalubi ƙofa ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya, sai gyambo a baya da ɗuwawu. A lokacin ake ɗauko shi a Keke Napep a kawo mana, ana cewa jiya-jiya abin ya fara. Ina ganin shatin igiya a wuyan hannu, ba na magana ne kawai saboda kara. Masu ƙarawa da ƙwayar barci daga kemis don a samu a huta, ku ma ku ji: ita ce ke ƙara sa jiri da faɗuwa.

Ɗaliban likitanci da ake turo mana sanin makamar aiki, ku ma da ku nake. Kuna zuwa da biro da kati, ku auna jini, ku rubuta magani, a sallame ku. Ba wanda ya tambayi inda Baba yake kwana ko wa ke ba shi abinci. Wannan ciwo likita shi kaɗai ba ya iya masa. Nas ce ke ganin gyambon, mai harhaɗa magani ne zai ce ƙwayoyin nan sun yi yawa, likitan gashin ƙashi ne zai tayar da shi ya taka, jami'in walwala kuma ya zauna da 'ya'ya maza a raba nauyi. Malamanku su haɗa ku aiki da waɗannan tun kuna makaranta, kuma ku riƙa bin mu gidaje. Tambayar farko: ana kulle shi?

Ku kuma mutanen gida, ga abin yi a gurguje. A cire kwaɗon, a rufe ƙofar zaure maimakon ta ɗakinsa, ya sha iska a tsakar gida. A ɗinka masa suna da lambar waya a aljihun riga, a sanar da maƙwabta da limami da mai shagon bakin layi. Bayan la'asar rikicin ya fi tashi, wani ya zauna kusa, a kunna fitila tun kafin magariba. Kada ku yi musu da shi. In ya ce gona za shi, ku taka da shi zuwa bakin titi ku dawo. A miƙa masa ruwa ko bai nema ba. A duba ji da gani. Maganin hawan jini da na suga kada a yi fashi.

In kuwa rikicewar ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, kada ku ce tsufa ne. Zazzaɓi, ciwon mafitsara ko faɗuwar suga na iya yin haka, kuma ana warkewa. Ku kawo shi asibitin unguwa a ranar, in da buƙata mu rubuta muku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ku zo da duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, kuma mai jinyarsa ta kullum ita za ta biyo shi, don ita ta san amsar tambayoyinmu.