Yawo da ɗakin tafi-da-gidanka a gaɓar tekun Queensland: tambayoyi da amsoshi

Wai meye karaban ɗin nan da mutanen Ostireliya ke ja a bayan mota?

Ba ayarin raƙuma ba ne ɗan'uwa, ɗaki ne sukutum a kan taya, ana maƙala shi a bayan mota kamar tirela. Ciki akwai gado, risho na gas, ɗan firij, tankin ruwa, wasu har da bayi da wajen wanka. Akwai kuma wanda motar ce kanta aka mayar ɗaki, kamar bas ɗin Hiace da aka cire kujeru aka sa katifa, kuma shi baƙi suka fi haya dan ya fi sauƙin tuƙi. Tsofaffin da suka yi ritaya su ne gwanayen abin, da sanyi ya shigo kudancin ƙasar sai su ɗaure kaya su yo arewa su yi wata biyu wata uku suna bin ɗumi.

Wace hanya ake bi?

Babbar hanyar a Queensland, jihar da ke arewa maso gabashin Ostireliya, ita ce Bruce Highway, daga Brisbane zuwa Cairns, kusan kilomita 1,700, wato ya fi Kano zuwa Legas sau ɗaya da rabi. Daga Rockhampton ne kake shiga yankin zafi sosai, sai Mackay, Airlie Beach, Townsville, Mission Beach, kana tafe gonakin rake hagu da dama kamar ba za su ƙare ba, wajen Tully da Innisfail kuma ayaba ta karɓa. Amma kar ka zaci kana tafe kana kallon teku, yawancin hanyar ta ɗan shige cikin ƙasa, sai ka ratse tukun. Inda titi ya manne da ruwa da gaske shi ne daga Cairns zuwa Port Douglas, tafiyar awa ɗaya, dutse mai kurmi a hagunka teku a damanka. A ganina duk wanda ya ba tafiyar nan ƙasa da sati biyu kwalta kawai ya je gani.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Nan ne fa mutanenmu za su iya ruɗewa, dan lokutansu a juye suke. Sanda muke hunturu su suna tsakiyar damina, daga wajen Disamba har Afrilu, ga zafi ga gumi, ga mahaukaciyar guguwar teku. Kuma ruwansu ba na wasa ba ne, a garin Tully sun kafa gunkin takalmin ruwa mai tsayin mita 7.9 dan tuna ruwan saman da ya sauka musu a shekarar 1950 kaɗai. Guguwar Yasi ta ragargaza yankin Mission Beach a 2011, ta Jasper kuma a Disambar 2023 ta jawo ambaliya da zaftarewar ƙasa har aka rufe hanyar Port Douglas na makonni. Ka ga mai jan ɗaki a bayan mota ba shi da abin yi a irin wannan lokaci. Daga Mayu zuwa Oktoba shi ne daidai, sai dai Yuni zuwa Agusta wuraren kwana na cika maƙil, sai ka kama wuri tun da wuri.

To a ina ake kwana, ko duk inda dare ya yi sai a faka?

A'a. Akwai filaye na musamman a kusan kowane gari, ka biya kuɗin dare, su ba ka fili da wajen jona wuta da famfo, ga banɗaki da injin wanki. Akwai wuraren hutawa na bakin hanya da aka yarda a kwana kyauta na ɗan lokaci, amma in ka faka a bakin teku ko cikin gari inda aka hana, tara za su ɗora maka. Ƙazantar bayin ma akwai ramin da aka ware mata, ba a zubarwa a daji.

Teku mai kyau haka, ana iya faɗawa wanka ko'ina?

Dan Allah kar ka yi, wannan ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta. Ruwan garau yake, rairayi fari, bishiyoyin kwakwa, ba kowa, kuma sau da yawa rashin kowan shi ne gargaɗin. Abu biyu ne. Na farko kada, irin na ruwan gishiri, babban namiji yana kai mita 5, yana zama a bakin koguna yana kuma fitowa teku. Hukuma na cewa ka tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa in kana kamun kifi, ka kafa wajen kwananka aƙalla mita 50 nesa, kar ka gyara kifi ka zubar da kayan ciki a wurin, kuma alwala a bakin rafi a can ba dabara ba ce, ɗebi ruwan tankinka. Na biyu wata halitta ce kamar farar leda mai dogayen zare, jelifish, ba ka ma ganinta a ruwa, dafinta na iya tsayar da zuciya cikin mintuna, ta fi yawa daga Nuwamba zuwa Mayu. Shi ya sa za ka ga kwalaben ruwan khal a ajiye a bakin teku, shi ake kwarara wa wanda ta harba a kuma kira 000, lambar agajin gaggawa ta can, nan take. In wanka kake so ka shiga inda aka kewaye da raga, tsakanin tutoci masu ja da rawaya inda masu ceto suke, ko ka je tafkin da aka gina a bakin teku a Cairns ko Airlie Beach, kyauta ne, yara ma suna shiga.

Me ake zuwa gani?

Babban abin dai Great Barrier Reef, jerin murjani mai tsayin kusan kilomita 2,300, jirgin ruwa ake shiga daga Cairns ko Port Douglas ko Airlie Beach, daga Airlie ɗin kuma ake zuwa tsibiran Whitsunday. A Cape Hillsborough kusa da Mackay kangaru na saukowa kan rairayi da asuba. A Mission Beach akwai kasowari, tsuntsu kamar jimina mai shuɗin wuya da ƙaho a ka, ka rage gudu dan yana tsallaka titi, kar kuma ka ba shi abinci. Can sama kuma kurmin Daintree, ƙasar gadon mutanen Kuku Yalanji, 'yan asalin yankin, da aka mayar musu a 2021, jirgin fito ke haye kogin Daintree da mota, daga nan hanya siririya mai kwana-kwana har Cape Tribulation, inda jirgin ruwan Kyaftin Cook, matuƙi ɗan Birtaniya, ya daki murjani a kusa da wurin a 1770. Da yawa suna barin karaban ɗinsu kafin kogin su ƙarasa da mota zalla, kuma ina ganin sun yi hankali.

Tuƙin fa?

A hagu ake tuƙi, sitiyari a dama. Ka guji tafiya da magariba da asuba saboda kangaru, ka kuma lura da ƙananan jiragen ƙasa masu ɗaukar rake da ke ratsa titi lokacin girbi. In motoci sun taru a bayanka ka ratse su wuce.

Musulmi zai wahala wajen abinci da sallah?

Ba sosai ba, tunda kicin ɗinka na tare da kai, ga kifi ga mangwaro ga ayaba a bakin hanya, naman halal dai ka saya a manyan garuruwa ka cika firij. Akwai masallaci a Townsville da Cairns, da wani a Mareeba da Musulmi 'yan asalin Albaniya suka gina a 1970. Abu ɗaya, a can ba gabas ake kallo ba, alƙibla tana yamma ne ta ɗan karkata arewa, wato in ka tsaya sallah a bakin tekun, yawanci baya za ka juya masa.