Tsohon zane bai gama aiki ba: kwandon girki da matatar ruwa daga tsummokaran ɗaki

Babu ɗakin da za a shiga a Sakkwato a rasa ƙunshin tsofaffin kaya a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa: zanen da ya koɗe, rigar yaro da ta yi kaɗan, tawul da ya yage, bargon da hunturu uku suka cinye. Ƙarshensu bola ne ko wuta, alhali da allura da zare kawai suna iya rage wa gida kuɗin itace da zirga-zirgar asibiti. Iyayenmu mata da 'yan uwa, ga yadda ake yi, ga kuma inda ake yawan yin kuskure.

Kafin a ɗauki almakashi, a fara da rarrabewa. Auduga daban, mai roba daban. Idan kina shakka, zaro ɗan zare daga gefen ƙyallen ki kusantar da shi ga ashana a waje, nesa da yara. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi wadda ke murjewa a yatsa. Mai roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri, da wari irin na leda. Duk abin da zai taɓa tukunya mai zafi, ko ruwan sha, ko jikin mace, auduga ake so. Sannan a wanke komai da sabulu a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Kayan wanda ya yi ƙazuwa ko kwarkwata sai an zuba musu tafasasshen ruwa, ko a ɗaure su cikin leda mako biyu kafin a taɓa su. Rigar da maigida yake sawa idan zai yi feshi a gona kada ta shiga wannan aiki ko kaɗan, domin wanki ɗaya ba ya fitar da maganin ƙwari.

Abin da ya fi cancanta a ba shi lokaci shi ne kwandon girki, wato kwandon da ke ƙarasa dafa abinci ba tare da wuta ba. Hikimarsa mai sauƙi ce: tukunya idan ta tafasa, zafin da ke cikinta ya isa ya nunar da abinci, muddin an hana shi fita. Tsumma busasshe yana riƙe iska a tsakaninsa, iskar nan ita ke tsare zafin.

Nemi kwando, ko tsohon baho, ko kwali mai ƙarfi wanda ya fi tukunyarki faɗi da kamar santimita 10 ta kowane gefe, wato faɗin tafin hannu da ɗan ƙari. Yayyanka tsummokara ƙanana ƙanana. Idan ba su isa ba, a haɗa da buntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a garuruwan fadamar Rima irin su Wurno da Goronyo, ko ƙaiƙayin gero, amma a ɗinke shi cikin ƙyalle don kada ya watse. Shimfiɗa kauri santimita 10 a ƙasa ki danna. Ɗora tukunyar da babu komai a kan babban zanen auduga, ki tattaro zanen sama, ki ajiye ta tsakiyar kwandon, sannan ki cusa tsumma kewaye da ita har ya kai bakinta. Cire tukunyar a hankali. Za ki ga ta bar gurbinta. Juya gefunan zanen su rufe tsumman, ki ɗinke su a bakin kwandon. Saura matashi na rufewa: zagayayye, mai kauri kamar na ƙasan, wanda zai shiga bakin kwandon tsam ba tare da ya bar kafa ba. Zafi sama yake tashi, don haka wannan matashin ya fi kowane sashe muhimmanci, kuma a nan ne mutane suka fi yin rowar tsumma.

Wajen girkin, shinkafa ta tafasa sosai na minti 5 a murhu, a rufe, a kai ta kwando da sauri, a bar ta kamar awa ɗaya. Wake a jiƙa shi tun dare, a tafasa minti 15 zuwa 20, ya yi awa 3 zuwa 4 a ciki. Nama yana son tafasar minti 20 zuwa 30 kafin ya shiga. A rage ruwa da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba, tunda tururi ba ya fita. Wadda ta zuba ruwanta na kullum za ta tarar da shinkafa ta caɓe. Tukunya ta cika aƙalla kashi biyu cikin uku, saboda ɗan abinci a babbar tukunya saurin hucewa yake yi. Murfi ya zauna daidai. Kuma a daure wa leƙe: kowane buɗewa yana fitar da zafin da ba zai dawo ba.

Idan aka buɗe aka tarar wake da ƙarfi, a duba abu uku. Ko tsumman ya jiƙe da tururi ko miyar da ta zube, tsumma jiƙaƙƙe kuwa janye zafi yake yi maimakon ya riƙe shi, don haka a riƙa shanya kwandon da matashinsa a rana. Ko tukunyar ta yi wa gurbin kaɗan, iska tana yawo a gefe. Ko an sauke ta kafin tafasar ta kai ko'ina.

Akwai gargaɗi na lafiya da ba a wasa da shi. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abincin da ya sauko ƙasa da digiri 60, wato mai ɗumi-ɗumi. Idan kin buɗe, tururi ya taso, tukunyar ba ta taɓuwa da hannu, to lafiya lau. Idan ta huce, ko ta wuce awa 5 a ciki, mayar da ita murhu ta sake tafasa kafin kowa ya ci, musamman yaro ƙarami. Masu ajiye abincin sahur tun bayan isha'i su kiyaye wannan sosai. Ribar kwandon ba ta tsaya ga itace ba: wake da kan sha awa biyu a murhu ya koma minti 20, kenan uwa da goyon da ke bayanta sun tsira daga hayaƙi mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana da hannu a mutuwar mutane kimanin miliyan 3 a kowace shekara, kuma ciwon huhun yara yana cikin manyan hanyoyin.

Sai matatar ruwa. Manya za su tuna zamanin kurkunu, lokacin da ake raba ƙyallen tace ruwa ƙauye ƙauye, har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da cutar a 2013. A Bangaladash ma an gwada tace ruwan tafki da tsohon zanen mata da aka ninka, sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi hakan. Tsohon zane ya fi sabo a nan, saboda yawan wanki yana sa zaren ya buɗe ya toshe ƙofofin saƙar. A zaɓi na auduga marar huji wanda launinsa ya daina zuba, a ninka shi ya zama ruɓi huɗu zuwa takwas, a ɗaure a bakin tulu ko randa, a zuba ruwa sannu a hankali. A ɗinka jan zare a fuskar da ke kallon sama, don kada gobe a juya shi dattin jiya ya koma cikin ruwan. Bayan kowane amfani a ɗauraye da ruwan da aka tace, a shanya a rana. Amma a sani, ƙyalle yana tare laka da ƙananan halittun ruwa ne, ba ya tare dukkan ƙwayoyin cuta. Da damina, lokacin da ambaliya ke gurɓata rijiyoyi, ruwan da aka tace sai an tafasa shi ko an sa masa maganin tsarkake ruwa.

'Yan mata da matan aure masu amfani da ƙunzugu: tsohon tawul ko rigar auduga mai laushi ta wadatar. A yanka guda shida, a kalmashe gefuna don kada zare ya zube, a riƙa canzawa duk awa 4 zuwa 6. A fara jiƙawa da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama jini a ƙyalle, sannan a wanke da sabulu. Matsalar tana wajen shanya. Kunya kan sa a tura shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, daga nan ƙaiƙayi da wari suke farawa. A shanya shi a igiya a rana, a lulluɓa masa siririn mayafi. Babu mai sanin abin da ke ciki, kuma ranar Sakkwato ba ta ɓata lokaci.

Gidan sauron da ya tsufa ya wuce ɗinki, a yanka shi a buga a taga, ko a rufe irin tumatir da albasa a wurin reno. Kada a ƙona shi, kada a kai shi gulbi kamun kifi, saboda maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi. Jarka mai lita 5 da ta ɗauki man gyaɗa, a huda ta kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye a ƙofar banɗaki da sabulu a igiya, ta zama wurin wanke hannu. Tsohuwar taya ko gwangwani idan za a shuka rama ko yakuwa a ciki, a fara huda ƙasansu ruwa ya riƙa tsiyayewa, in ba haka ba cikin kwana 7 zuwa 10 sauro ya ƙyanƙyashe a tsakar gida.

Robar maganin feshi da jarkar baƙin mai su kam ba su da gyara. Ko an wanke su da toka da omo har sun yi ƙyalli, roba ta riga ta sha dafin, kuma za ta riƙa sakinsa cikin ruwa ko nono ko man da aka zuba. Maigida ya ɗauraye robar feshin sau uku tun a gona, ya juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, ya huda ta da wuƙa a gindi kafin yaro ya tsince ta ya mai da ita gorar ruwa.