Neman taimakon waje ba gazawar 'ya'ya ba ce

A Kaduna har yau akwai masu ganin abin kunya ne a ce tsoho mai 'ya'ya yana karɓar taimakon ma'aikacin lafiya ko na kwamitin masallaci. "Ina 'ya'yansa suke?" Gudun wannan magana ya sa iyaye da yawa ke shan wahala a ɗaki.

Ƙauna daban, ilimin jinya daban. Ka duba 'yar da ke dama wa Baba koko kullum da asuba, tana wanke masa kaya, amma ba ta san cewa hawan jini kan yi ɓarna ba tare da wata alama ba. Ba ta san wanda ya kwanta jinya ana juya shi kusan duk bayan awa 2 ba, don kada fatar ƙugu da diddige ta yi gyambo. Wannan koyo ake yi, kuma ma'aikatan asibitin unguwa sun iya.

Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an ware wa kowace cibiyar lafiya a matakin farko. Daga Rigasa zuwa Kawo, awon jini aikin 'yan mintoci ne. Ni dai ina roƙo, a kai iyayen, ko a nemi ma'aikacin ya leƙo gida.