Littattafan bamfaya: asalinsu, ƙarfinsu da rauninsu

Littattafan bamfaya reshe ne na ƙagaggun labaran ban tsoro da ya tsiro a Turai. Jigonsu shi ne mamacin da ya ƙi kwanciya a kushewarsa, yana fitowa da dare yana shan jinin rayayyu don ya ci gaba da wanzuwa, wanda aka sha jininsa kuma shi ma ya zama irinsa. Masu karatun Ingilishi kan ce bamfaya, waɗanda suka yi lakwal da Faransanci, kamar galibin masu karatu a Maraɗi, kan ce bampir. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da shi, domin fatalwa ba ta shan jini, maye kuwa ba matacce ba ne.

Asali

Tun kafin a rubuta littafi ko ɗaya, manoman gabashin Turai sun daɗe da imani cewa wasu matattu na dawowa su cutar da danginsu. Abin ya shiga takardun hukuma ne bayan 1718, lokacin da daular Ostiriya ta karɓi arewacin Sabiya daga hannun Turkawa, jami'anta suka tarar mutanen ƙauyuka na tone kushewa suna soke gawa da turke. A 1725 wani jami'i ya aika rahoto daga ƙauyen Kisiljevo kan gawar wani manomi mai suna Petar Blagojević, wanda aka zarga da kashe mutane bayan rasuwarsa. Rahoton da ya fi yin tashe shi ne na farkon 1732, wanda likitocin soja suka sa wa hannu bayan sun tone gawawwaki a ƙauyen Medveđa, inda aka ɗora laifin mace-mace kan wani tsohon soja, Arnold Paole, wanda ya rasu wajejen 1726 ko 1727. Jaridu suka kwashi labarin, kuma a shekarar nan ta 1732 kalmar ta bayyana a Ingilishi. A 1746 wani malamin coci Bafaranshe, Augustin Calmet, ya tattara irin waɗannan rahotanni a littafi guda. A 1755 sarauniyar Ostiriya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten ya duba lamarin, ya ce camfi ne, aka hana tone gawa da wannan hujja.

Abin da masu tonon suka gani ba ƙarya ba ne, fassararsa ce ta karkace. Gawar da aka sa a akwati cikin ƙasa mai sanyi tana jinkirin ruɓewa. Iskar da ke taruwa a ciki tana kumbura ta, sai a ga kamar mamacin ya yi ƙiba ya ƙoshi. Matsin iskar nan yana turo wani jan ruwa ta baki da hanci, a ce jinin da ya sha ne. Fata tana janyewa daga farce da gashi, a ga kamar sun ƙara tsawo. In aka soka turke a ƙirji, iskar ta fita ta maƙogwaro da wani sauti kamar nishi. Ga kuma annoba: tarin fuka yakan bi gida guda, ya ɗauki mutum bayan mutum, mai jinya yana ramewa yana tarin jini, sai a ce wanda ya fara mutuwa ne ke jan sauran. Har a 1892 an tone gawar wata budurwa a jihar Rhode Island ta Amurka saboda wannan zato. Wasu masana sun danganta camfin da ciwon haukan kare ko wata cutar jini ta gado, amma ba a yi ittifaƙi a kai ba.

Shigarsa adabi

Bamfayan ƙauye mutum ne mai kumburi da ƙazanta. Marubuta ne suka sa masa tufafin sarauta. A bazarar 1816, a wani gida bakin tafkin Janiba, mawaƙi Byron ya ba baƙinsa shawarar kowa ya rubuta labarin tsoro. Daga wannan zama likitansa John Polidori ya samo The Vampyre, wanda aka buga a 1819 aka jingina shi ga Byron bisa kuskure. A nan aka fara ganin mashayin jini a matsayin basarake mai fara'a da ke shiga manyan gidaje. Tsakanin 1845 da 1847 aka riƙa sayar da Varney the Vampire ƙasida-ƙasida a kan kobo guda, har ya haura babi 200, shi ya yaɗa siffar fiƙoƙi biyu da tabon huda biyu a wuya. Ana saɓani kan marubucinsa, yawanci ana cewa James Malcolm Rymer ne. A 1872 Sheridan Le Fanu ya fitar da Carmilla, inda bamfayar mace ce da ke ƙulla ƙawance da yarinyar da take tsotsa.

Sai Dracula na Bram Stoker, wanda aka buga a Landan a watan Mayu na 1897, mai babi 27. Kusan duk abin da aka rubuta daga baya, ko dai bin sawunsa yake ko musanta shi. Stoker bai taɓa taka Transilbaniya ba, wato yankin Romaniya ta yau da ya mai da mahaifar bamfayansa, daga littattafai ya haɗa ƙasar. Sunan Dracula da ya sa wa bamfayan kuwa ya tsince shi a wani littafin tarihi a ɗakin karatu na garin Whitby da ke Ingila a 1890. Ko ya san tarihin Vlad na Uku, sarkin Walakiya na ƙarni na 15, fiye da sunan nan, batu ne da ake jayayya a kansa.

A ƙarni na 20 aka jujjuya jigon. Richard Matheson a 1954 ya mai da abin cuta mai ƙwaya da ta cinye duniya, Stephen King a 1975 ya kai shi ƙaramin gari a Amurka, Anne Rice kuma a 1976 ta ba bamfayan baki ya faɗi labarinsa da kansa. Daga 2005, bayan fitowar littafin Twilight, reshen soyayya ya rinjayi kasuwa.

Ƙa'idoji

Kowane littafi yana kafa wa dodonsa dokoki. A wajen Stoker, bamfaya ba ya fitowa a madubi, ba shi da inuwa, ba ya shiga gida sai an ce masa shigo, ba ya barci sai a kan ƙasar mahaifarsa, yana rikiɗa jemage ko kyarkeci ko hazo, tafarnuwa da gicciye suna korarsa. Ana gamawa da shi ta hanyar soke zuciya da sare kai. Mutuwa da hasken rana ba ta cikin littafin, Dracula yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, shi ya kawo wannan.

Ƙarfinsu

Babban ƙarfin waɗannan littattafai shi ne abokin gaba yana sanye da fuskar wanda ake so. Dodon daji ana gudunsa ko a yaƙe shi. Amma in ƴarka ce ko amaryarka ta dawo tana kiran sunanka da muryar da ka sani, hannunka ba ya ɗaguwa da sauƙi. Babin da saurayin Lucy, budurwar da Dracula ya mai da bamfaya, yake riƙe turke da guduma a kan akwatin gawarta shi ne tsakiyar Dracula, kuma tsoron da ke cikinsa haɗe yake da baƙin cikin rashi.

Na biyu shi ne jan rai. Bamfaya ba ya kisa a dare guda, yana zuwa ne yana komawa, don haka marubuci yana da makonni na gina fargaba. Lucy tana kwana lafiya ta tashi fari fat, dasashinta ya janye, numfashi da ƙyar. A ƙara mata jini ta farfaɗo, bayan kwana kaɗan ta koma. Sau huɗu aka yi haka, maza huɗu suka ba da jini. Likita Van Helsing ya jera furannin tafarnuwa a ɗakin ya rufe taga, cikin dare mahaifiyarta ta leƙo, ta ji warin ya yi yawa, ta kwashe su ta buɗe taga don ƴarta ta sha iska. Tausayin uwa ne ya buɗe wa mugun hanya, mai karatu yana gani ba shi da ikon hanawa. Duk wanda ya taɓa zama a bakin gadon maras lafiya a likita yana neman mai ba da jini ya san nauyin wannan wuri.

Tsarin ba da labarin ma yana taimakawa. Stoker bai sa mai ba da labari guda da ya san komai ba. Ya haɗa littafin ne da wasiƙu, da rubutun da mutane ke yi wa kansu kullum, da yankan jarida, da saƙon tangaraho, da maganar da wani likita ke ɗauka a na'ura irin garmaho. Kowa gutsure ya sani, mai karatu ne ke haɗawa, sai ya riga su gane haɗarin. Misali mafi kyau shi ne rajistar jirgin ruwan Demeter, wanda ya taso daga Varna ta ƙasar Bulgeriya da mutum tara da akwatunan ƙasa 50 na Dracula. Cikin ƴan shafuka kyaftin yana rubuta cewa mutum ɗaya ya ɓace, sai wani, sai wani, ba a ga komai ba sai wani dogon mutum siriri. Jirgin ya iso Whitby cikin hadari, kyaftin a mace ɗaure da abin tuƙi, wani ƙaton kare ya yi tsalle ya fita. Bayan babi huɗu na farko da wuya a ga Dracula ido da ido, kuma wannan ɓoyon ne ke riƙe da kwarjininsa.

Dokokin kansu ƙarfi ne, domin suna mai da labarin kamar dara. Akwatunan nan 50 abin ƙirgawa ne, masu farauta suna bi suna lalata su har ya rage saura ɗaya. Jigon kuma yana ɗaukar ma'ana mai yawa: annoba, sha'awa, tsoron tsufa, da mai dukiya da ke rayuwa da jinin talaka.

Rauninsu

Maimaici shi ne ciwon farko. Bayan shekara fiye da 120 mai karatu ya san ma'anar tabo biyu a wuya tun shafin farko, in mutanen labarin suka ɗauki babi goma kafin su gane, sai ya ƙosa da su. Ciwo na biyu karya doka ne. Marubuci ya ba dodonsa ƙarfin mutum ashirin da wayon ƙarnoni, sannan ya rasa yadda za a ci shi, sai ya sa shi yin wauta ko ya ƙirƙiro sabon lago a babin ƙarshe. Dracula ma bai tsira ba: bayan doguwar kora daga Landan zuwa Transilbaniya, cikin ƴan layuka aka gama da shi da wuƙaƙe biyu, ba da turken da aka yi ta bayani ba. Tsakiyar littafin kuma ta yi nauyi da tarurruka da dogayen jawaban Van Helsing. Varney kuwa ja masa aka yi ta yi saboda ana saye, har labarin yana saɓa wa kansa.

Tun da aka fara ba bamfaya bakin magana, an sami zurfin hali amma an rasa tsoro, domin wanda ka ji kukansa shafi ɗari uku ba ya firgita ka. A reshen soyayya abin ya wuce nan: namijin da ya shekara ɗari yana leƙen yarinya tana barci yana iko da ita, a nuna hakan a matsayin ƙauna. Wannan aibi ne na gaske ga littafin da matasa ke karantawa. Tsofaffin ma suna da nasu. Mata a cikinsu ko dai abin tsarewa ne ko abin hukuntawa, kuma baƙon da ya zo daga gabas shi ne mai gurɓata jini, abin da masu nazari suka daɗe suna dangantawa da ƙyamar baƙi a Ingila ta wancan zamani. Ilimin likitancinsu ma ya tsufa: an yi wa Lucy ƙarin jini ba gwaji, domin sai 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini.

A idon mai karatu Bahaushe

A Maraɗi irin waɗannan labarai sun fi isowa ta fim da fassarar Faransanci, sai kuma littattafan Hausa da ake turawa ta WhatsApp ko ake karantawa da murya a YouTube. Rabin kayan aikin bamfaya ba ya aiki a nan. Musulmi ana yi masa wanka a sa likkafani a rufe shi, galibi a ranar da ya rasu, ba akwati ba ɗakin ajiyar gawa na iyali, kuma aƙida ta tabbatar cewa wanda ya shiga barzahu ba ya dawowa. Gicciye da ruwan coci makaman wani addini ne. Marubucin Hausa da ya kwaso su ɗungurungum, labarinsa yakan fito kamar rigar aro.

Amma ƙashin bayan jigon sananne ne. A al'adar Hausa ana cewa maye yana kama kurwar mutum, wanda aka kama ya yi ta ramewa ba a gane ciwonsa ba, ana gadon maita ko a saye ta, tana da ƙanƙara a ciki, kuma ana tilasta wa maye ya tsallake maras lafiya don ya sake shi. Ga jita-jitar ƴan shan jini da ake ɗora wa haɗuran mota. Ramewa a hankali, da mugun da ke cikin dangi, da dokokin kamu da saki, duk suna nan. Bambancin shi ne bamfayan Turai gawa ake zargi, maita kuwa rayayye ake nunawa da yatsa, sau da yawa tsohuwa maras gata, kuma zargin yana jawo duka da kora daga gari. Saboda haka marubutan da suka ɗauki wannan jigo suna fuskantar matsalar da Stoker bai fuskanta ba: mai karatunsu yana iya rufe littafin ya dubi maƙwabciyarsa.